Kafin Ka Sayo Irin Karen Fim: Yadda Ake Ciyar Da Ɗan Kwikwiyo A Funtua Da Malumfashi

 Yau babu sabuwar waƙa, babu kuma sharhin fim, amma dai maganar tamu daga fim ta taso.

Duk wanda ya kalli Hum Aapke Hain Koun na 1994 ba zai manta da Tuffy ba, ɗan farin karen nan mai gashi buzu-buzu da ya yi alƙalancin wasan kurket, wanda a ƙarshe ya ɗauki wasiƙar Nisha ya kai wa Rajesh maimakon Prem, aure ya koma inda ya dace. Yayyenmu kuwa har gobe suna ba da labarin Moti na Teri Meherbaniyan na 1985, karen da ya ɗaukar wa ubangidansa fansa. Ga kuma John Wick na 2014, inda duk ɓarin wutar nan a kan ɗan kwikwiyo ya faro. Yanzu ma da ka buɗe TikTok ko Instagram za ka ci karo da ƙananan karnuka an yi musu wanka an taje su. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka ga saurayi a Funtua ko Malumfashi ya tara 'yan kuɗinsa ya sa an kawo masa Lhasa ko Eskimo daga Kaduna, Jos ko Abuja.

Abin da kyamara ba ta nunawa shi ne kaskon abincin karen. Kuma a nan ne ake samun matsala. An sayo kwikwiyo da tsada, an yi hotuna an ɗora, bayan sati biyu sai ka ji shiru. In ka tambaya a ce maka "wallahi haka kawai muka wayi gari ya mutu." Galibi ba haka kawai ba ne. Yunwa ce, ko abincin da bai dace ba, ko cutar da allura za ta iya tarewa.

Wata magana kafin mu shiga. Malamai sun yi bayanin cewa an yarda a ajiye kare don gadi, farauta, kiwo ko tsaron gona, kuma haka muka taso muka gani a ƙauyukan Kafur, Bakori da Danja. Ajiye shi don ado kawai akwai magana a kai, wannan sai a tuntuɓi malamai. Inda babu saɓani shi ne, duk dabbar da ka ɗaure a gidanka, cinta da shanta suna wuyanka. Shi kansa Lhasa asalinsa ɗan gadi ne, a gidajen ibada na Tibet aka riƙa ajiye shi don ya yi haushi in baƙo ya doso. A irin yanayin tsaron da yankinmu ke ciki, wannan haushin ma aiki ne.

Me ya sa ƙaramin iri ya fita daban?

Idan aka ce ƙaramin iri, ana nufin karen da ko ya gama girma ba zai wuce kilo 10 ba. Lhasa, Pomeranian, Chihuahua da ƙananan Eskimo duk suna ciki. Irin waɗannan suna gama girma da wuri, tsakanin wata 9 zuwa 12, alhali manyan iri kamar Alsatian sukan kai shekara ɗaya da rabi.

Jikin ƙaramin kwikwiyo yana ƙona abinci da sauri, cikinsa kuma ɗan mitsitsi ne, ba ya ɗaukar da yawa a zama ɗaya. Kamar waya ce mai ƙaramin batir da ake kallon bidiyo da ita, dole a riƙa jona ta a caji a kai a kai. In ya yi dogon lokaci bai ci ba, sukarin jininsa yana faɗuwa. Za ka ga ya yi laushi, yana rawar jiki, yana tangaɗi kamar mai maye, idonsa ya yi wani iri, in abin ya yi tsanani ya fara jijjiga ya suma. Wannan yana iya kashe shi cikin 'yan awanni.

In ka ga haka, ka lakato zuma ko ruwan sukari mai kauri a yatsa ka shafa masa a dasashi. Kar ka ɗura masa ruwa a maƙogwaro yana sume, zai iya shaƙewa. Ka lulluɓe shi da tsumma ya ji ɗumi, da ya farfaɗo ka ba shi abinci kaɗan, sannan ka nemi likitan dabbobi a ranar. Zumar agajin gaggawa ce kawai.

Wata biyun farko na uwarsa ne

Kuskuren farko tun wajen saye ake yin sa. Mai sayarwa yana son kuɗi, mai saye yana ɗoki, sai a raba kwikwiyo da uwarsa yana sati huɗu. Nonon farko da yake sha a kwana ɗaya zuwa biyu bayan haihuwa shi ke ba shi garkuwar jiki. Daga sati 3 zuwa 4 yake fara lasar abinci mai ruwa-ruwa, a hankali har a yaye shi. Kar ka karɓi wanda bai cika sati 8 ba, in ma irin mitsi-mitsin nan ne gara ya kai sati 10 zuwa 12 a wajen uwarsa.

Ranar da za ka ɗauko shi ka yi tambaya uku: me yake ci, an ba shi maganin tsutsa, an yi masa allura ko ba a yi ba? Ka nemi katin allurar ka gani da idonka. Sannan ka karɓo irin abincin da ya saba da shi ko na sati ɗaya ne. Canjin gida da doguwar tafiyar mota sun ishe shi wahala, kar ka ƙara masa da canjin abinci a rana ɗaya.

In kuma maraya ne ka tsinta, to madarar shanu ko ta gwangwani ba ta maye gurbin nonon karya. Nonon karya ya fi na saniya kitse da furotin nesa ba kusa ba, na saniya kuma ya fi yawan sukarin madara, wanda ke sa kwikwiyo zawo. Akwai madarar 'yan kwikwiyo ta musamman a shagunan magungunan dabbobi, ita za ka nema.

Sau nawa a rana, kuma nawa?

Ga tsarin da likitocin dabbobi suka fi bayarwa:

Daga sati 8 zuwa wata 3: sau huɗu a rana. In ɗan mitsitsi ne da bai kai kilo ɗaya ba, a kai sau biyar.
Daga wata 3 zuwa wata 6: sau uku.
Daga wata 6 zuwa gaba: sau biyu, safe da yamma.

Hanya mafi sauƙi ta riƙe lokaci a wajenmu ita ce ka ɗaura abin da lokutan salla. Ka ba shi bayan asuba in gari ya waye, ka ƙara da hantsi wajen ƙarfe sha ɗaya, sai bayan la'asar, sai na ƙarshe bayan isha'i. Na daren nan yana da muhimmanci, domin shi zai riƙe shi har safiya. In kai ɗan makaranta ne ko kana tsaron shago a kasuwa, ka samu wani a gida da zai riƙa ba da na rana. Kwikwiyo bai san kana lakca ba.

Batun yawa kuwa, mutane suna mamaki in aka faɗa musu. Kwikwiyo mai kilo ɗaya da bai kai wata huɗu ba yana buƙatar wajen kalori 200 a rana. Busasshen abincin buhu yakan ɗauki kalori kusan 380 zuwa 400 a kowane giram 100. Ke nan abin da zai ci a yini bai wuce giram 50 zuwa 55 ba, ko gwangwanin madara ɗaya bai cika ba, shi za ka raba huɗu. A bayan kowane buhu akwai jadawali na nauyi da shekaru, ka fara da shi.

Ka ajiye masa abincin minti 15 zuwa 20, abin da ya rage ka ɗauke. Hakan yana koya masa lokaci, yana hana ƙuda da kiyashi taruwa, kuma kai ma za ka gane da wuri ranar da ya ƙi ci. Ƙaramin kwikwiyo in ya tsallake ci biyu a jere, ba abin a bari sai gobe ba ne. Bayan ya ci da 'yan mintuna zai nemi yin kashi, sai ka kai shi wurin da kake so ya saba da shi.

Kowane sati ka ɗora shi a sikeli ka rubuta. Nauyi ya riƙa hawa a hankali. Ka kuma shafa haƙarƙarinsa: in kana jin ƙasusuwan a ƙarƙashin ɗan nama, daidai ne. In suna tsinin da ido ke gani, ƙara abinci. In sai ka danna kafin ka ji su, rage. Irin su Lhasa gashi yana ɓoye rama, don haka hannu za ka sa.

Abincin buhu: me za ka duba?

Ka tabbatar an rubuta a jiki cewa na 'yan kwikwiyo ne, in an samu na ƙananan iri ya fi, saboda ƙwayoyinsa ƙanana ne daidai bakinsu. Ƙa'idar da hukumar AAFCO ta Amurka ta gindaya, wadda kamfanoni da yawa ke bi, ita ce abincin kare mai tasowa ya ƙunshi furotin aƙalla kashi 22.5 cikin ɗari da kitse kashi 8.5 cikin ɗari, in an cire ruwan da ke ciki. Na manyan karnuka bai kai haka ba, shi ya sa bai wadatar da kwikwiyo.

Akwai na waje irin su Royal Canin da Pedigree, waɗanda suka yi tsada sosai tun bayan faɗuwar naira a 2023. Akwai kuma na gida kamar Binggo na kamfanin Grand Cereals da ke Jos, masu yin Vital Feed da masu kiwon kaji suka sani. Ko wanne ka ɗauka, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ka yi hattara da wanda aka farke buhu ana aunawa a leda, domin ba ka san tun yaushe yake shan iska da rana ba. Kitsen da ke ciki yana lalacewa cikin zafi, in ka ji yana warin tsohon mai, kar ka saya. Araha ba ta ado. A gida ka zuba shi a bokiti mai murfi, a ɗaki mai sanyi, nesa da ƙasa.

Kafin wata uku ka riƙa jiƙa masa da ruwan ɗumi ya yi laushi. In za ka canza daga wani abincin zuwa wani, ka ɗauki sati guda: kwana biyu kashi ɗaya cikin huɗu sabo, kwana biyu rabi da rabi, kwana biyu kashi uku cikin huɗu, sannan sabon zalla.

In aljihu bai kai buhu ba fa?

Gaskiya yawancinmu a nan muke. Karnukan gida na ƙauye suna rayuwa da sauran tuwo da ƙanzo, amma ka tuna su suna yawo, suna tsintar ƙashi a mahauta, suna kama ɓera da ƙadangare. Kwikwiyon da ke kulle a gida abin da ka zuba masa kaɗai ya dogara da shi. Tuwo zalla zai cika masa ciki ya bar shi da kumburarren tumbi da siraran ƙafafu.

In za ka dafa masa, ka cire nasa daban kafin a sa kayan miya. Wajen rabin kwanon ya zama dafaffen ƙwai, naman kaza, jan nama ko kifi da aka cire wa ƙaya. Sauran ya zama shinkafa, tuwo mai laushi ko dankalin Hausa, da ɗan kabewa ko karas da aka dafa aka murƙushe, da ɗigon mai. Hanta tana da amfani amma kaɗan, sau ɗaya ko biyu a sati, yawanta yana cutarwa. Waken suya da ake nomawa a yankinmu yana taimakawa in an dafa shi ya dahu sosai ko an yi awara marar yaji. Ɗanyensa yana hana narkewar abinci.

Babban giɓin abincin gida shi ne sinadarin ƙashi, wato kalsiyam. Nama da hatsi ba su da shi sosai, kuma kwikwiyon da aka raina da su kaɗai ƙafafunsa sukan lanƙwashe, ƙashinsa ya riƙa karyewa da ƙaramin tsalle. Ɓawon ƙwai da aka tafasa, aka shanya, aka daka ya yi laushi kamar hoda yana cike wannan giɓin. Yawan da za a sa ya danganta da nauyin karen da abin da yake ci, don haka likita ne zai auna maka. Wanda ke cin abincin buhu kuwa kar a ƙara masa, an riga an sa a ciki, kuma ƙari yana ɓata ginin ƙashi.

Masara, gyaɗa da angurya: nan ne namu haɗarin

Mu a yankin Funtua da Malumfashi Allah Ya hore mana hatsi. Daga Dandume zuwa Bakori buhunan masara ne ko'ina. To, amma a nan ma wata masifa take ɓoye. Masara ko gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, ko ruwa ya taɓa ta a rumbu, tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana haifar da guba mai suna afulatoksin wadda ke lalata hanta. Dafuwa ba ta kashe ta. Kare yana cikin dabbobin da ta fi yi wa illa da sauri. A Amurka, daga ƙarshen 2020 zuwa 2021, an janye abincin Sportmix daga kasuwa saboda wannan gubar, kuma hukumar FDA ta ce ta samu rahoton mutuwar dabbobin gida sama da 100. In hakan ta faru a inda ake gwaji a masana'anta, ina ga tsakin masarar da aka share daga ƙasan sito?

Al'adarmu ce in hatsi ya lalace a ce "a ba dabbobi." Kar a haɗa da kwikwiyo. Duk masarar da kai ba za ka ci tuwonta ba, shi ma kar ya ci. Haka tsohon ƙuli-ƙuli da ya canza launi. Alamun wannan guba su ne ƙin cin abinci, amai, kasala, da ido ko dasashi su koma rawaya.

Na biyu angurya. Yankinmu gidan auduga ne, kuma abincin shanu da ake samu bayan an matse man angurya yana da araha. Saniya babba tana iya ɗauka saboda irin tumbinta, amma akwai sinadarin gosifol a ciki da ke lalata zuciyar kare. Na uku abincin kaji. Wasu ana haɗa su da maganin cutar hanjin kaji wanda guba ne ga kare, don haka kar ka ce ai duk abincin dabba ne.

Sai kayan feshi. Kar a yanka jarkar maganin ciyawa a mai da ita kaskon ruwa, komai wankin da aka yi mata. A ɗauke shinkafar ɓera, fiya-fiya da buhun hatsin da aka jefa wa ƙwayar maganin ƙwari daga inda hancinsa zai kai. Kwikwiyo da baki yake binciken duniya.

Abubuwan da ba a ba shi ko ya yi kalar tausayi

Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa. Wannan ya fitar da kusan duk miyarmu daga lissafi, haka tsire, balangu da kilishi saboda yaji, gishiri da magi. Cakulan, shayi, kofi da goro suna da sinadaran da ke hargitsa bugun zuciyarsa. Inabi da busasshensa suna iya kashe ƙoda. Cingam marar sukari wani yana da zailitol, wanda ke faɗar da sukarin jini nan take. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya yi tsini, ya maƙale a wuya ko ya huda hanji. Ka tuna, abin da babban kare mai kilo 25 zai ci ya sha da ƙyar, shi ne zai kwantar da mai kilo ɗaya har lahira.

Magungunanmu ma haka. Kar ka ba shi farasitamol, ibuprofen ko diclofenac da kanka, kar kuma ka kwatanta masa allurar shanu ko ta tumaki da ido.

Ruwa, zafi da hunturu

Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa dare da rana, a kwano marar zurfi da ba zai faɗa ciki ba. Kare yana shan wajen mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo na nauyinsa a rana, kwikwiyo ya fi haka, musamman a zafin Maris zuwa Mayu. A lokacin za ka ga cinsa ya ragu da rana, sai ka mai da mafi yawan abincin sassafe da bayan faɗuwar rana. Dafaffen abinci ko jiƙaƙƙe kar ya wuce awa ɗaya a waje. Da hunturu kuma, sanyin Disamba da Janairu yana saurin kama ƙaramin jiki ya ƙone masa ɗan sukarin da ya tara. Ka sa masa kwali da tsumma a inda iska ba ta bugawa. Kwanukansa su zama nasa shi kaɗai, a wanke kullum, a ajiye nesa da kayan girkin gida.

Abinci ba ya aiki in akwai tsutsa

Kusan duk kwikwiyo da tsutsar ciki yake zuwa, daga uwarsa yake ɗauka. Ana ba da magani duk sati biyu har ya kai wata uku, sannan duk wata har wata shida. Allurar farbo da sauran cututtuka ana fara ta daga sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk sati uku zuwa huɗu har ya kai wajen sati 16. Farbo ita ce mai sa amai da zawon jini mai ɗoyi, ƙwayar cutar tana daɗewa a ƙasa wata da watanni, don haka kar ka fita yawo da shi kafin ya gama allurai.

Ta haukan kare ana yin ta yana wata uku, a sabunta duk shekara. Wannan kam don kanka da yaran unguwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma in alamunta suka bayyana babu magani. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu yin wannan allurar a Najeriya. Ka fara da ofishin likitan dabbobi mafi kusa da kai, in abu ya yi tsanani akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tafiyar da ba ta da nisa daga Funtua.

To jama'a, kafin ka tura wa mai sayarwa kuɗi, ka zauna ka lissafa abincin wata, allurai, maganin tsutsa da na kaska, da wanda zai riƙa ba shi abinci in ba ka nan. Ƙaramin iri yakan rayu shekara 12 zuwa 15, ya fi ƙarfin yayin wata biyu. In lissafin bai fita ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi, ka ci gaba da kallon Tuffy a waya. In kuma kana da abokin da ya riga ya sayo, ka isar masa da wannan bayani tun yau, musamman batun ci huɗu a rana da na masara mai fumfuna.